Katangar Gidan Riruwai

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun da kamfani ya turo ku wurina na lura kun ɗauki aikin nan abin wasa: a je gida, a ɗauki hoton ƙofa, mai gida ya sa hannu, a wuce na gaba. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa zai iya gama gidajen hayar Kiru kaf kafin la'asar. To ni Rakiya na tsufa ina shiga gidajen haya daga Bebeji har Doguwa, kuma har yau ban taɓa fitowa daga gida ɗaya ba tare da gumi ba. Ku gyara zama ku ji yadda na koya.

Ba da inshora na fara ba. Dillaliya ce ni, ina yawo gida gida da atamfa da kwanuka. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Idi, birkila ne. Da bayansa ya gaji da ɗaukar bulo sai ya koma kula da gidajen hayar mutane a nan Kiru, ya samo ɗan haya, ya duba abin da ya lalace, ya kira mai gyara. Abu ɗaya ne ya dame shi. Yawancin gidajen akwai matan aure a ciki, mazan sun fita tun safe, shi kuwa ba ya wuce soro. Wata rana ya tare ni a hanya da ƙullin kayana a ka, ya ce, "Rakiya, ke da kike shiga ko'ina, zo ki ara mini idonki."

Gidan farko da ya kai ni na wani malamin firamare ne. Kawu ya tsaya a soro, ya miƙo mini 'yar guduma mai ƙotar katako, ya ce in je bangon banɗaki in ƙwanƙwasa daga ƙasa zuwa sama. Na ƙwanƙwasa. Ya ɗaga murya ya ce, "Me kika ji?"

Na ce, "Kawu, ƙarar guduma na ji."

Matar gidan ta yi dariya har ta zauna a bakin turmi. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce in sake, a hankali, in kasa kunne. Inda bango ya amsa da ƙarfi, filasta da bulo suna tare. Inda ya amsa kamar an bugi ƙwarya, sun rabu, ruwa ya shiga tsakaninsu. Na sake, sai na ji. Daga gwiwata zuwa ƙasa duk bangon ƙwarya ne.

Haka muka yi ta yi, shi a soro ni a ciki, muna magana ta kan katanga. Ya koya mini tsaga. Wadda ta tafi siririya kamar gashi ta filasta ce, ba ta da haɗari. Wadda ta bi layin bulo tana hawa a karkace kamar matakala, wannan daga ƙasa take, harsashin ginin ne ya motsa. Ya ba ni igiyarsa mai ɗan ƙarfe a baki, in rataya a saman katanga in ga ko ta sunkuyo. Ya ba ni guntun rodi in riƙa tsokana ƙasa a gefen masai da rijiya, domin wani lokaci siminti ne kawai a sama, ƙarƙashinsa rami. Ni na ƙara da tocila don leƙa cikin silin, da testa don gwada soket. Ga su nan a jakar nan har yau, ƙotar gudumar ce kawai na sake.

Amma duk cikin abin da ya koya mini babu kamar tambaya. Ya ce mai gida zai ce komai lafiya lau, ɗan haya zai ce komai ya lalace, ita kuwa matar da ke share tsakar gidan kullum ita ta san gaskiya. Kuma kada in tambaye ta me ya lalace, kunya za ta sa ta ce babu. In ce mata, "Ina ne kike hana yara zuwa?" Ranar da na fara yin tambayar nan, wata mata ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki, ta nuna mini wayar wuta a kwance a ƙasa, an naɗe ta da leda.

Bayan Kawu ya rasu, masu gidajen suka ce in ci gaba. Lokacin ne gidajen haya suka fara yawa a yankin nan. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu aikin hanya, 'yan kasuwar da ke zuwa sayen masara, kowa yana neman ɗaki. Wanda ya samu rara a gona ko a kasuwa sai ya gina ɗakuna ya zuba haya. A nan wani kamfanin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, ya zo daga birni yana neman wakilai. Aka ce musu akwai wata mata da ta san cikin gidajen haya fiye da masu su. Suka kai ni Kano suka koyar da ni nasu ɓangaren.

Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne rabin aikin. Kariya iri biyu ce. Akwai ta ginin kansa, in ya ƙone ko ya rushe a taimaka wa mai shi ya tayar. Akwai kuma ta haƙƙin mutane: in gidanka ya cutar da wani, ɗan haya ne ko baƙo ko mai wucewa, a ɗauke maka magani da diyya. Ta biyun nan ita na fi sayarwa, don ta fi sauƙi ga mutanenmu kuma ta fi muhimmanci. Gini in ya faɗi ana tayar da wani. Ƙafar mutum ba a sayo ta a kasuwa. Ina ce musu kamar adashi ne na masu gidaje, kowa ya zuba, amma ba kwasa ake yi bi da bi ba, wanda tsautsayi ya faɗa wa gidansa shi ake ɗaukar wa. Kafin in fara sai da na kai maganar gaban limamin unguwarmu, ya saurara, ya yi tambayoyinsa, ya ce taimakon juna ne, ba ya ganin laifinsa.

Babban abokin cinikina shi ne Alhaji Sale, ɗan kasuwar hatsi daga Dangora. Da gida ɗaya na san shi a Kiru. Kafin a jima ya gina shaguna a Kwanar Dangora, ya sayi ɗakuna a wajen Tiga, ya ƙara wani gida a Tudun Wada. Ranar da na fara kai masa maganar yana zaune a kan buhu a rumfarsa, ana auna masa masara. Muka gaisa, na yi masa bayani. Ya ce, "Hajiya, Allah ne mai tsarewa."

Na ce, "Haka ne, Alhaji, babu shakka. Amma na ga kwaɗo a ƙofar rumbun nan."

Ya yi murmushi ya ce in dawo wani lokaci. Na dawo, na sake dawowa. Abin da ya karya shi daga ƙarshe tambaya ce. Na ce, "Alhaji, lokacin da gidanka ɗaya ne ka san kowace tsaga a jikinsa. Yaushe rabonka da gidan Tiga?" Ya ce an kwana biyu. Na ce masa rijiyar gidan ba ta da murfi, tsohon kwano ne aka ɗora aka danne da dutse, kuma akwai masu rarrafe a gidan. Washegari ya hau mota da kansa ya je ya gani. Da ya dawo ya aiko a kira ni.

Kada ku ɗauka da ya yarda aiki ya ƙare. A nan ya fara. Ban shigar da gida ko ɗaya ba sai da aka gyara abin da na gani. Rijiyar Tiga aka yi mata murfin ƙarfe mai kwaɗo. A Tudun Wada aka fasa murfin sokawe, wato ramin masai, aka sake zubawa da rodi, don wanda na tarar babu ƙarfe ko ɗaya a cikinsa. A shagunan Kwanar Dangora mai gyaran wuta ya kwana biyu yana zare wayoyin da 'yan haya suka jona da kansu. Alhaji yana cewa, "Hajiya, ke wakiliyar kamfani ce ko ta magina?" Ina ce masa ta 'yan haya ce.

Abu na biyu da na sa masa ido a kai shi ne sabon gida. Mai gidajen da ke ƙaruwa yana da wata ɗabi'a: ya sayi gida yau, ya zuba haya gobe, ya manta cewa kariyarsa ba ta san da wannan gidan ba. Kariya ba ta bin mutum, gida take bi, kuma sai wanda aka duba aka shigar. Don haka na riƙa sauraron kasuwa. A bakin wata mai sayar da daddawa na ji Alhaji ya sayi wani tsohon gida a Riruwai. Na same shi a rumfa na ce, "Na ji an yi sabon arziki ba a gaya mini ba." Ya ce ai wancan ya yi nisa, a bar shi sai bayan damina. Na ce bayan damina ba ya buƙatata, kafin damina yake buƙatata.

Gidan Riruwai tsohon gini ne tun zamanin da haƙar kuza ke tashe, dutse a ƙasa, jar ƙasa a sama, a gindin tudu. Masu haƙar ma'adini ne a ciki da iyalansu, wasu Hausawa, wasu daga jihohin maƙwabta. Na yini a gidan. Na tarar gara ta cinye azarar soro, aka sauke aka sa sabuwa. Na sa aka haƙa kwata a baya don ruwan da ke gangarowa daga tudu ya samu hanya. Katangar tsakar gida na rataya mata igiya, a miƙe take, na ƙwanƙwasa, ta amsa da kyau. Na shigar da gidan.

Sai shekarar nan ta zo, wadda har yau in masu gidaje suka haɗu suke cewa shekarar marka. Ruwa ba mai ƙarfi ba ne, amma ba ya ɗaukewa. A wayi gari da shi, a yini da shi, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Ginin ƙasa ya fara zubewa ko'ina, har na bulo wanda aka yi wa rowar siminti. Wayata ba ta hutawa.

Wata safiya wani ɗan haya ya kira ni daga Riruwai. Katangar tsakar gida ta faɗi, kuma ta danne mutum. Ba 'yar haya ba ce. Wata Bafulatana ce mai suna Dije, daga rugar da ke bayan gari, wadda ke kawo wa matan gidan nono kullum. Ta tsuguna a gindin katangar tana dama fura, sai katangar ta taho. An tono ta da rai, amma ƙafarta ta karye, ƙashi ya fito.

Na kira Alhaji na ce ya same ni a tasha. Ya zo tare da ƙaninsa, Malam Hadi, wanda ke taya shi harkar kasuwa. A cikin mota, muna ratsa dajin Falgore, Alhaji ya faɗa mini abin da ban sani ba. Kwanaki kaɗan kafin nan 'yan hayar sun aiko masa cewa katangar ta tsage daga ƙasa. Ya tura magini, an sauke yashi da bulo, amma ruwa bai bari an yi aikin ba.

Malam Hadi ya ce, "Yaya, wannan maganar ta tsaya a motar nan. In kamfani ya ji ka san da tsagar, ba za su biya ba. Ka ce ba ka da labari."

Alhaji ya dube ni. Na ce, "Alhaji, ba don wanda ba shi da alhaki aka yi wannan kariyar ba. Wanda ba shi da alhaki me za a biya masa? An yi ta ne don mutumin da abu ya kuɓuce masa ba da gangan ba. An gaya maka, ka tura magini, ruwa ya hana. Ka faɗi haka yadda yake. Abin da zai kashe maganar nan shi ne ƙarya. Matan gidan duk sun san an aiko maka, kuma yashin yana ƙofar gida."

Malam Hadi ya ce, "In suka ƙi fa? Ke za ki biya?"

Na ce, "In suka ƙi a kan gaskiya, ni da su ne. In suka kama ƙarya, ba ni da bakin magana."

Alhaji ya juya ga ƙaninsa ya ce, "Yadda ya faru haka zan faɗa."

Akwai wani abu kuma da na ja masa kunne a kai, ku ma ku koya. Al'adarmu, in abu irin wannan ya faru, mutumin kirki yana zuwa ya ce komai a wuyana, ku faɗi abin da kuke so. Kamfani kuwa ba ya son a yi alƙawarin diyya kafin ya zo ya gani. In ba ka san yadda za ka haɗa biyun nan ba, ko dai ka mayar da abokin cinikinka marar mutunci a idon gari, ko ka ɓata masa kariyarsa. Na ce masa ya je ya yi jaje da zuciya ɗaya, ya ɗauki marar lafiya ya kai ta asibiti da kansa, ya ciyar da masu jinya. Maganar diyya kawai ya ce a bari a zauna da manya.

Daga inda mota ta ajiye mu achaɓa muka hau, taɓo har gwiwa, wani wurin sai mu sauka mu taka. Mun tarar an mayar da Dije ruga, an kira mai ɗori. Mijinta, Malam Buba, yana tsaye a ƙofar bukka, bai amsa gaisuwar Alhaji da kyau ba. Ni na shiga, tunda mace ce ni. Tana kwance a kan tabarma, ta cije gefen zaninta, ba ta kuka. Na ga raunin na san ya fi ƙarfin kara da tsumma. Na fito na sami mai ɗorin a gefe, dattijo ne mai hankali, na ce, "Baba, ka fi ni sani, amma wannan da ƙashi ya huda fata fa?" Ya ce shi ma abin da yake gaya musu ke nan, a fara kai ta asibiti. Da bakinsa ya shawo kan Malam Buba. Aka ɗauke ta zuwa Tudun Wada, daga nan aka wuce da ita asibitin ƙashi a birni.

Ma'aikacin da kamfani ya turo ya duba wurin saurayi ne, amma ya san aikinsa. Ya tona gindin katangar ya nuna mini yadda ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙasa daga tudu, ya wuce ta ƙasan kwatar da muka haƙa, ya jiƙa harsashin. Ya tambayi matan gidan ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi Alhaji ko an sanar da shi, Alhaji ya ce an sanar da shi, ya nuna masa yashin da ruwa ya fara kwashewa. Saurayin ya rubuta, ya ce zai kai rahoto.

Zaman da aka yi a ƙofar gidan dagaci ba zan manta da shi ba. Ardon rugar ya zo da mutanensa, limami yana nan, Alhaji da ƙaninsa suna nan. Ni kaɗai ce mace, aka shimfiɗa mini tabarma a gefe. Da aka ambaci kamfani, Ardo ya ɗaga hannu ya ce, "Mu ba mu san kamfani ba. Ba katangar kamfani ce ta danne 'yarmu ba. Katangar wa ce?"

Alhaji ya ce, "Tawa ce."

Ardo ya ce, "To da kai muke magana."

Na nemi izini, dagaci ya ba ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, Ardo ya yi gaskiya. Haƙƙin yana kan Alhaji, kuma bai gudu ba, ga shi zaune. Amma in saniyar ɗayanku ta shiga gonar mutane ta yi ɓarna mai yawa, shi kaɗai kuke bari ya biya?" Ardo ya ce a'a, dangi suna haɗawa. Na ce, "To Alhaji ma yana da waɗanda suke haɗawa da shi. Masu gidaje ne irinsa, sun daɗe suna zubawa saboda rana irin ta yau. Kamfani mai ajiya ne kawai. Daga hannun Alhaji za ku karɓa."

Ardo ya juya ya yi magana da mutanensa da Fillanci, sannan ya ce sun ji, za su jira, amma ni za su riƙe. Na ce na yarda.

Jiran nan shi ne wahalar shekarar. Kamfani ya amince, amma buƙatu sun yi masa yawa daga ko'ina, komai yana tafiya a hankali. Alhaji ya riƙa biyan asibiti daga aljihunsa ana tara rasit, a lokacin da shi ma ruwa ya lalata masa hatsi a rumbu. Malam Hadi ya daina gaishe ni. Malam Buba yana zuwa Kiru ranar kasuwa ya tsaya a ƙofar shagon nan nawa, in fito mu gaisa in ce ana nan ana bi, ya gyaɗa kai ya tafi. Na yi zarya Kano har direbobin tasha suka riƙa ajiye mini kujerar gaba.

Ga kuma sauran masu gidaje. Waɗanda gininsu ya zube ba tare da ya taɓa kowa ba suka yi mini ca, wai kamfani ya zo ya gina musu. Na tuna musu cewa kariyar haƙƙin mutane suka ɗauka, ta gini na yi musu tayi suka ce ta yi tsada. Kowa ya ce bai ji wannan ba. Wani ya tsaya a tsakiyar kasuwar Kiru ya kira ni macuciya. Wani mai gidaje a Bebeji kuwa ya sayi gida bai gaya mini ba, bango ya jiƙe, wuta ta ja ɗan hayarsa ta ƙona masa hannu. Mai gidan ya zo da gudu a shigar da gidan a ɓoye kamar tun da yana ciki. Na ce ba zan yi ba. Sai da ya sayar da shago ya sallami mutumin, kuma har yau in ya gan ni yana kau da kai. Kafin kaka mutane da yawa sun janye daga hannuna. Na koma ɗaukar atamfa ina haɗawa da aikin don gida ya samu cefane.

Bayan an gama girbi kamfani ya biya. Aka mayar wa Alhaji abin da ya kashe a asibiti, aka ba da diyyar da aka daidaita a gaban dagaci da limami. Alhaji ne ya miƙa wa Malam Buba da hannunsa, kamar yadda na yi wa Ardo alƙawari. Bai sayar da ko ɗaki ɗaya ba. Labari ya zagaya kasuwannin hatsi daga Dangora har Doguwa, domin Alhaji ba mai rufe baki ba ne. Waɗanda suka janye suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, suna gaisuwa mai tsawo kafin su faɗi abin da ya kawo su. Wannan karon kowa sai na sa ya maimaita mini da bakinsa abin da ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba, a gaban shaida. Malam Hadi ma da ya gina nasa ɗakunan, ni ya kira.

Dije ta warke, ta taka, amma da ɗingishi, kuma tafiya mai nisa da ƙwarya a ka ta fi ƙarfinta. Na daɗe ban ji ɗuriyarta ba. Sai bara, ina zaune a nan, na ga mace ta sauka daga achaɓa tana dogara sanda. Ita ce. Muka gaisa, na tambayi Malam Buba da yara da shanu. Ta ce diyyar nan ba su taɓa ta ba sai da suka yi shawara. Sun sayi fili a Tudun Wada kusa da kasuwa, sun sayar da bijimi sun ƙara, sun gina ɗakuna. Yanzu ita ma mai gidan haya ce. Wata malamar asibiti ta riga ta kama ɗaki, tana son tarewa a ƙarshen mako.

Ta ce, "Adda Rakiya, so nake ki zo ki shigar da ni cikin abin nan naku."

Na je. Gini mai kyau, bulo mai nauyi, ba a yi rowar siminti ba. Na bi shi ɗaki ɗaki tana biye da ni da sandarta. Komai daidai, sai da muka zo matakalar da ke sauka tsakar gida. An yi ta da tsayi, an shafe ta da siminti sumul kamar faranti, kuma daidai inda indararo ke zubo da ruwa. Na ce mata ba zan shigar da gidan ba sai an fasa matakalar an sake, an kuma karkatar da indararon. Maginin yana wurin, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, a bar malamar ta tare, daga baya a gyara. Malam Buba ma ya ce an riga an karɓi kuɗin mutane, kada a ji kunya.

Dije ta dubi matakalar, ta dubi ƙafarta. Ta ce da maginin, "Ɗauko gudumarka." Sannan ta juya ga mijinta ta ce, "Malamar ta jira. Ni na san yadda ake kwanciya a asibitin nan. Ba za a kwantar da kowa a can saboda gidana ba."

A gabana aka fasa matakalar. Ban bar gidan ba sai da na ga an kwashe ɓaraguzan.